Gudun da Ya Watsa Magina

Ban taɓa sha'awar gudu ba. Na zo Tamanrasset daga Damagaram ina saurayi, na fara da dakon kaya a kasuwar Assihar, a hankali na kai ga rumfa tawa ta citta da kanumfari da tsamiya da busasshiyar yakuwa, kayan da kamyo, babbar motar kaya, yake kawo mini daga gida. Aikina na zama ne. In zauna kan buhu, in yi ciniki, in sha shayi. Shayin garin nan kuwa rabinsa sukari ne, kuma ba a sha sau ɗaya a tashi.

Da na haura hamsin sai yatsun ƙafata suka fara mutuwa. Babu ciwo, sai dai in taka ƙasa in ji kamar akwai auduga tsakanina da ita. Na san abin tun kafin a gaya mini sunansa, domin da haka ya fara wa yayana a gida, kuma ciwon sukarin bai bar shi ba sai da aka yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa. Ni na riƙe shi ranar da ya fara gwada sanda.

Likitar da na je wurinta, wata mata daga arewacin ƙasar, ta ce in rufe ido. Na rufe, ina jira ta fara. Ashe ta riga ta soka mini allura a babban yatsa. Ta rubuta magani, ta hana ni sukari, sannan ta ce dole in motsa jiki kullum, tafiya da sauri, daga baya gudu a hankali.

Na ce mata da Larabcina na kasuwa, "Ai ina tafiya masallaci sau biyar."

Ta ce, "Ina masallacin yake?"

"Bayan rumfata."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in ina son ƙafar, in yi amfani da ita.

Na yi makonni ina tafiya da sauri a cikin unguwa, babu wanda ya kula. Wata safiya ta sanyi, bayan asuba, na ce bari in gwada gudun. Kunya ta hana ni sayen kayan 'yan wasa, don haka na fita da doguwar rigata da kwat a sama, rawani a wuya. Na bi babban titi, wanda yake kaiwa shataletalen da mutanenmu suke taruwa, magina da leburori, kowa da shebur ko cokalin gini, suna jiran motar mai gini ta zo ta ɗebi na aikin yini. Ina gudu ina waiwaye, don kada wani ɗan kasuwa da ya san ni ya gan ni.

Na daɗe da samun takardun zama, har na manta da abin da kowane sabon zuwa ya sani. Yawancin mutanen shataletalen nan ba su da takarda. In an tashi kame, ana loda mutane a mota a kai su iyaka, kuma babu mai sanarwa. Sanarwar ita ce ka ga namu yana gudu. To ga Alhaji mai rumfa, mai tumbi, wanda ba su taɓa ganin ya yi ko sauri ba, ya taho a guje yana duba bayansa.

Wani ya yi ihu, "Jandarma!"

Kafin in gane abin da ke faruwa wurin ya watse. Aka zubar da shebura a titi, aka ture tukunyar mai shayi cikin garwashi. Na ɗaga hannu ina cewa su tsaya, amma numfashina ya ƙare, garin nan a kan tudu yake, iska ba ta isar mai ƙiba. Abin da suka gani kawai shi ne ina ɗaga musu hannu, sai suka ƙara wuta.

Wani magini mutumin Tanout, magidanci mai iyali a gida, ya haura katangar wani gidan da ba a gama ba, ya faɗa kan tarin bulo ta ɗaya gefen. Wuyan hannunsa na dama ya karye. Ya ƙi asibiti saboda takarda, sai na kai shi wurin wani maɗori namu a bayan kasuwa. Ana jan hannun yana cije gefen rawaninsa. Da aka gama ɗauri ya dube ni, gumi na zuba masa a wannan sanyin.

Ya ce, "Alhaji, don Allah me ya koro ka?"

Na ce, "Sukari."

Ya kalli ɗaurin hannunsa. Sannan ya ce, "To. Allah ya ba ka lafiya."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na riƙe cinsa da ɗakinsa har aka kwance ɗaurin, amma hannun bai koma ɗaukar bulo ba, ƙarshe ya bi wani kamyo ya koma gida.

Dattijon da mutanenmu suke kai wa ƙara ya zo rumfata a makon. Bai zauna ba.

Ya ce, "Ƙanena, kai mai takarda ne, in ka ga dama ka yi rawa a tsakiyar titi. Su fa? Ka san abin da ka jawo?"

Na ce likita ce ta sa ni.

Ya ce, "Likita ba ta san shataletale ba. Kai ka san shi."

Na daina gudun, har tafiyar ma na daina, domin duk inda na ɗaga ƙafa da sauri sai in ga ana kallona. Na koma kan buhuna. Cikin 'yan watanni mutuwar ta tashi daga yatsu ta kama tafin ƙafa. Wata rana silifas ɗina ya fita a hanyar masallaci, ban sani ba sai da na ga ƙafata a ƙasa tsirara.

Maƙwabcin rumfata mutumin Hirafok ne, wani ƙauye a cikin duwatsu, yana sayar da dabino da busasshen tumatir, ya koyi Hausa a wurin abokan ciniki. Sa'ana ne amma siriri kamar sanda, ya tashi yana hawan duwatsu zuwa lambun ubansa. Shi ya tsinto mini silifas ɗin.

Ya ce, "Abokina, matsalarka riga ce. Mutum in yana gudu da doguwar riga, korarsa ake yi. In yana gudu da jan wando, kowa ya san mahaukaci ne kawai, babu mai tashi daga wurinsa."

Maganar ta shige ni, domin magana ce ta ciniki: abin da mai saye ya gani shi yake saye. Na sayi jan wando da jar riga da takalmin gudu. Na bar titi, muka riƙa fita busasshen rafin da ke gefen gari, shi a gaba yana tafiyarsa ta mutanen dutse, ni a baya ina abin da nake kira gudu. Ban ji daɗinsa ko sau ɗaya ba. Ƙirjina yana ƙuna, gwiwoyina suna ƙara, yashi yana riƙe ni. Amma awon sukarin ya fara sauka, likita ta ce in ci gaba.

Da sanyi ya zagayo, wata ƙungiyar matasan gari ta shirya ɗan tsere na kilomita biyar, kowa da kowa. Maƙwabcina ya sa sunana bai tambaye ni ba. Na ce ba zan yi ba. Ya ce in ba ni da ranar da nake tsoro a gabana, zan koma kan buhu, ya san ni. Gaskiya ya faɗa. Sai da na yarda sannan na ji cewa hanyar tseren ta shataletale za ta bi, kuma jami'ai za su tare titi.

Ana gobe tseren na je wurin da kaina, a hankali, hannuna a baya. Suka gan ni suka fara murmushi.

Wani ya ce, "Yau Alhaji ba sauri?"

Na ce, "Ku saurara. Gobe da safe mutane da yawa za su wuce nan a guje, har da ni. Za ku ga jandarma da 'yan sanda sun tsaya a nan. Tare hanya kawai za su yi. Kada kowa ya gudu."

Wani dogo mai farin siminti a gira ya ce, "Baba, tsaya in gane. Jandarma za su zo, kai za ka gudu, mu kuma mu tsaya?"

Aka fashe da dariya, har da ni. Amma da dariyar ta lafa sai mai shayi ya ce, "Mun gode da ka faɗa. Gobe dai mu hutu ne."

Haka kuwa aka yi. Da muka iso shataletalen washegari, ni a can ƙarshen ayari da lamba a ƙirji, babu kowa a wurin sai jami'ai biyu, ɗaya yana ɗaga mini hannu in wuce. Mutanen da suke cin abinci daga aikin yini sun rasa yini guda. Can saman wani bene da ba a gama ba na hango kawuna kaɗan a bayan bulo. Wata murya ta sauko da Hausa, "Alhaji, duba bayanka!" Ban duba ba. Na san abin da ke bayana, motar asibiti ce take bina a hankali kamar mai jiran gado.

Na gama. Saura kaɗan in zama na ƙarshe, wani tsoho mai tari ne kawai na wuce dab da ƙarshe. Maƙwabcina ya miƙo mini dabino, ya tuna da sukarina, ya janye hannunsa ya ba ni ruwa. Na zauna a bakin titi ina jin wani abu mai kama da farin ciki.

Sai da na zo alwalar azahar na cire takalmin. Safar ƙafar hagu ta manne, ta yi baƙi da jini. Wata 'yar tsakuwa ce ta shiga, ban san tun yaushe ba, ta yi ta cin ƙasan babban yatsana har ta yi rami. Duk tsawon hanyar nan ban ji komai ba.

Likita ta wanke ramin, ni kuma ina kallon fuskarta, ba ƙafar ba. Da ta naɗe ta ce babu gudu sai ya rufe, kuma in ya canza launi ko ya fara wari in zo ko a wane lokaci. Na tambaye ta kai tsaye ko za a yanke. Ta ce ba ta sani ba tukuna.

Na koma rumfa, ƙafa a ɗage kan buhun tsamiya. Kowace safiya maiɗakina takan kwance naɗin, ta duba, ta gaya mini launin, domin tumbi ba ya barina in gani da kyau. Ciwon da zai warke wa wani cikin mako bai rufe ba sai da zafi ya shigo gari. Fatar wurin ta yi tauri, fari-fari. Na danna ta da farce, babu ji. Likita ta ce jin da ya tafi ba lallai ya dawo ba, abin da ake nema shi ne kada mutuwar ta ƙara hawa, kuma hanyar hakan ita ce dai wadda ta yi mini ramin.

Yanzu kafin in fita sai na kife takalmin na zazzage shi, na zura hannu har ƙarshensa. In na dawo, maiɗakina tana jira a tsakar gida da ruwan ɗumi, ba ta barina in shiga ɗaki sai ta duba tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya.