Gwiwata ta Hagu a Hoton Iliya

Ranar Asabar ce, kwana uku bayan Babbar Sallah, a hunturun da na shiga shekara goma sha ɗaya, aka yi mini zaluncin da har yau ba wanda ya ba ni haƙuri a kansa. A gindin babbar dalar Giza aka yi shi, da rana tsaka, a gaban shaidu. Ina tsaye cikin sabon wandona na kaki mai aljihu biyu, karin guga kamar bakin wuƙa, ƙanena Iliya yana gefe ɗaure da zane kamar mai jego, sai ga wani Bature ya ɓullo daga bayan raƙuma. Dogo ne, ja wur, gashin kansa kamar an tsoma a manja. Daga wuya zuwa ƙugu mutum ne irin kowa, har da kwat. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa siket ne, mai gidan dara ja da kore, ya tsaya masa iya gwiwa, da wata jaka mai gashi tana lilo a gabansa kamar gemun bunsuru. Na buɗe baki zan yi dariya. Da na san abin da ke tafe, da na adana ta.

Bari in koma baya kaɗan, don masu karatu su gane. Ni a aji huɗu na ajiye alƙalami, amma na san yadda ake shigar da ƙara. Babanmu tela ne. A Sudan aka haife shi, inda kakanmu ya yada zango a hanyar Hajji bai ƙara gaba ba. Ya zo Masar neman ilimi, ilimin ya ƙi, keken ɗinki ya karɓe shi. Shagonsa yana wani lungu a Darrasa, bayan babban masallaci, yana ɗinka wa ɗalibai 'yan ƙasarmu riga da wando irin na gida. Mu kuma muna zaune a saman bene, can kan rufi, ɗaki biyu, tare da tattabarun mai gida da igiyoyin shanya na duk mazauna gidan. Da sassafe ni nake sauka da kwano in karɓo ful, waken nan da ake kwana ana dafawa, in ɗoro gurasa a ka, in dawo in buga wa Inna risho. Iliya yana biye da ni riƙe da gefen rigata. In an tashi daga makaranta mu cusa tsummoki a tsohuwar safa mu yi ƙwallo, ni nake raba 'yan wasa, shi kuma in ajiye shi tsakanin duwatsu biyu ya tsare gida. Ni aka fara kaiwa masallacin Juma'a. Ni aka fara bari na zura wa Baba zare a allura. A taƙaice, duniya tana tafiya daidai.

Zanen Iliya kuwa kaciya ce ta ɗaura masa. Baba bai yarda wanzamin Masar ya taɓa masa 'ya'ya ba. Sai ya jira wani tsohon wanzami Bahaushe da ke ratsowa daga Sudan duk bayan 'yan shekaru, da zabirarsa da dokokinsa. Babbar dokarsa ita ce ba wando, sai ya dawo kafin ya bar gari ya duba da idonsa ya ce an warke. Inna ta yago wani tsohon zanenta ta ɗaura wa yaron a ƙugu. Yaran lungunmu, 'ya'yan Misrawa masu yawo cikin kayan barci masu ratsi, suka sami abin yi. Ina so a rubuta cewa na kare shi, amma rantsuwa ake yi a kotu. Ni ne na laƙaba masa "amarya", na kuma fassara musu da Larabci don kada a bar kowa a baya. Ranar da Baba ya ce zai kai mu yawon Sallah wurin dala, Inna ta ce yaron bai gama warkewa ba, ni ma na goyi bayanta da iyakar ƙarfina. Iliya ya yi kuka har Baba ya ce a taho da shi. Tun daga Darrasa har Giza, a cikin bas, ina roƙon mutane su ba amarya wuri ta zauna.

To, Baturen nan yana ganin Iliya sai ya tsaya cak. Ya nuna siket ɗinsa, ya nuna zanen Iliya, ya fashe da dariya har jakar gashin tana rawa. Sannan ya cire hularsa, ya rusuna, ya miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai hannu kamar ya haɗu da ministan ƙasa. Mai raƙumin, wani Ammu Ragab da ya tsinci Turanci a bakin aiki, ya fassara wa Baba. Wai a ƙasarsu, can cikin duwatsu masu sanyi, wannan ita ce suturar mayaƙa da manyan gida, kuma shi duk inda ya je hutu da ita yake tafiya. Wai tun da ya sauka a Masar ake binsa ana fito, bai ga ɗan'uwansa ba sai yau. Baba ya gyaɗa kai kamar dama ya san haka. Nan take aka durƙusar da raƙumi, aka ɗora Iliya a karkace, ƙafafu a gefe ɗaya saboda ciwonsa, Baturen ya tsaya ya dafa shi, matarsa ta ja da baya da kyamara a wuya. Ni da ke da lafiyar da zan hau raƙumin nan yadda maza suke hawa, ba wanda ya dube ni. Na matsa. Na ƙara matsawa. Sai Ammu Ragab ya tare ni da sandarsa ya ce, "Yalla, gefe, ya afandi." Afandi shi ne akawun gwamnati mai wando. Wandon da na kwana uku ina hana ƙuda sauka a kansa, shi ya kore ni.

Baba ya rubuta wa Baturen adireshin shago a bayan wata takarda. Na yi ta addu'a takardar ta faɗa teku. Bayan wata biyu ɗan wasiƙa ya kawo ambulan mai kan sarki na wata ƙasa, da hoton a ciki. Baba ya kai hoton aka sa masa gilashi, ya kafa ƙusa a bangon da ke saman keken ɗinki, bangon da tun da aka haife ni ba a rataye komai a kansa ba sai ayar Alƙur'ani. Ga dala, ga raƙumi yana taunar iska, ga Bature, ga Iliya a sama yana washe haƙoran da babu biyu na gaba. Can ƙasa a kusurwa kuma, in ka kawo fuska kusa, za ka ga gwiwa ɗaya ta hagu da rabin aljihu. Ni ke nan.

Duk ɗalibin da ya zo awo sai ya tambaya, Baba kuma sai ya tsayar da keke ya ba da labari, labarin yana ƙara tsawo kamar ana ɗinka masa ƙari. Yaran lungu suka daina cewa amarya, suka koma kiran Iliya Hawaga, wato Bature. A lokacin ya daɗe da warkewa, yana sa wando kamar kowa, amma sarautar ta zauna. Wata rana na sauko da ƙwallon safa na tarar shi ne yake raba 'yan wasa. Ya dube ni, cikin ladabi har da cewa Yaya, ya tambaye ni ko zan tsare gida.

A nan ne na yanke shawarar shiga bangon nan da ƙarfina. Kusa da mu akwai kasuwar da Turawa 'yan yawon buɗe ido suke zuwa sayen faranta na tagulla. Na lissafa cewa inda aka sami Bature mai siket ɗaya, akwai danginsa a hanya. Wata safiya Inna ta sauka ɗebo ruwa, na buɗe akwatinta. A sama-sama na ga wani sabon zane a ninke, yana ƙamshin turaren wuta, mai gidan dara ja da kore, kamar daga ƙugun Baturen aka kwanto shi. Na ce Allah ne ya aiko. A ƙarƙashin matakala na tuɓe wando, na ninka zanen biyu don ya tsaya iya gwiwa, na ɗaura yadda na ga Inna tana yi. Saura jakar gashi. Wutsiyar ragon layya tana nan a bushe a kan rufi, na ɗaure ta da igiya na rataya a gaba.

Daga hantsi har azahar ina tsaye a bakin kasuwar nan, ƙirji a buɗe, hannu a ƙugu. Turawa sun zo, kowannensu da wando, har da wasu matan. Wata tsohuwa ta saka mini alewa a hannu ta shafa kaina cikin tausayi. Wani mai shago ya tambaye ni a gidan wa nake aikatau. Ba wanda ya ɗaga kyamara. Ina cikin tunanin ko wutsiyar ce ta yi kaɗan, sai na ji guɗa irin tamu, ba irin ta Misrawa ba. Na waiga. Matan mutanenmu ne na Darrasa, su wajen goma, sun ratso titi da kwanuka a ka, kuma kowacce tana ɗaure da zanena.

Ashe anko ne. Ranar ce sunan ɗan Yaya Hauwa, aminiyar Inna tun suna 'yan mata a Sudan, wadda ta shekara tara da aure ba haihuwa sai lokacin. Daga Omdurman aka aiko da turamen, aka raba wa mata, kuma Inna ce za ta zauna kusa da mai jego ta riƙe jariri. Na duba cikin matan, babu Inna. Gwaggo Ladi, wadda ta fi su tsufa da tsawon hannu, ta kama kunnena. Ta ce Inna tana can kan rufi tun safe tana zazzage akwati, da kunya ta ishe ta sai ta ce musu su tafi, kanta ke ciwo, kuma an riga an fara cewa wata a cikin matan bene ce ta ɗauke. Ba su bar ni na koma na ɗauko wando ba. Haka suka tasa ni gaba zuwa gidan suna a matsayin shaida, don kada Yaya Hauwa ta zaci aminiyarta ta ƙi ta. An aika wa Inna ta zo ko da wane zane ne, ta ce ba za ta shiga tsakanin mata ita kaɗai daban ba. Mijin Yaya Hauwa ya kira mai hoto ranar. Gwaggo Ladi ta zaunar da ni kusa da mai jego, ta ce tunda ni na ci anko, ni zan cike gurbi. Na sami hotona, daga kai har ƙafa, tsakiyar mata, a wurin da uwata ta yi wata uku tana shirin zama.

Inna ba ta dake ni ba, da ma ta daka. Ta karɓi zanen, ta wanke, ta mayar ƙasan akwati, ban taɓa ganinsa a jikinta ba. Kafin shekara ta zagayo su Yaya Hauwa sun koma Najeriya, ba su sake haɗuwa ba. Baba kuwa bai ko tsayar da keke ba. Yana ɗinki ya ce, "Ɗan'uwanka ciwo ne ya ɗaura masa zane. Kai me ya ɗaura maka?" Hoton suna bai ga bango ba, ni ma ban nema masa ba.

Yanzu shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Ni na gaji keken, Iliya ya gaji hoton, ya tafi da shi Omdurman inda ya yi aure ya tara iyali. Lungunmu ya cika da shagunan waya, yara ba su san ƙwallon safa ba. Jikokina suna da hotunana a wayoyinsu fiye da yadda nake da haƙora, ina barci, ina cin tuwo, amma ba wanda ya taɓa kafa mini ƙusa. Masu siket har yau suna zuwa hutu, an nuna mini wasu a waya suna tsalle a gaban dala, ba mai ko waiwayarsu.

Da yaƙi ya tashi a Sudan, Iliya ya iso gidana a Giza da jaka ɗaya da idanu da suka fara dushewa. Hoton yana can a bangon gidan da ya bari, in bangon yana nan. Na yi shekaru ina yi wa hoton nan fatan gobara, amma ranar da na ji haka sai na ajiye shayina ban ƙarasa ba. Wata safiya muna zaune a baranda ya tambaye ni ko Baturen a dama yake ko a hagu, wai ya fara ɓace masa. Na ce a dama, hannunsa ɗaya a bayanka, safarsa ta hagu ta ɗan zame, igiyar raƙumin tana da tuntu uku, kai kuma zanenka ya kwance kaɗan kana riƙe da shi. Na karanto masa shi tas, don ba wanda ya kalli hoton nan kamar ni. Sai ya ce, "Kai fa, Yaya, a ina ka tsaya?"

Ba gilashi, ba bango, ba Baba, ba Ammu Ragab. Da na ce ina kusa da shi riƙe da akala, da ya gyaɗa kai, shi ke nan na shiga. Na daɗe ina juya kofin shayi a hannu. Sai na ga in na ƙara ko da yatsa ɗaya, ba hoton da ke saman keken Baba ba ne kuma, kuma ba mu da wani. Na ce masa gwiwa ce kawai, ta hagu, da rabin aljihu. Ya lalubo gwiwar ya dafa, muka ci gaba da kallon motoci.

Amma raƙumin nan, har gobe, ni ya kamata a ɗora.