Zuma a Shayin Baba

Babana tela ne. Shekara talatin bai taɓa neman a zura masa zare a allura ba, sai da ciwon suga ya kama shi.

Likita ta ce daga karin kumallo matsalar take: ya bar suga, ya rage burodi, ya fara da ƙwai, ya taka ƙafa bayan ya ci. Baba ya bi sau da ƙafa. Kullum sai ya zagaye layinmu sau uku kafin ya buɗe shago, maƙwabta na tsokanarsa wai ya shiga soja da furfura. Amma in ya huda yatsa ya gwada, sugan na sama. Wata takwas ana haka, idonsa na dusashewa.

Wata safiya na shiga kicin na tarar Inna na tsiyaya zuma a kofinsa, cokali uku.

"Inna! Me kike yi haka?"

"Suga aka hana shi, zuma ai magani ce. Ya sha shayi salam kamar ba shi da kowa?"

Na faɗa wa Baba ina kuka. Sai ya ce, "Kada ki ƙara ɗaga wa uwarki murya."

An daina zumar, amma idon bai dawo ba. An lulluɓe keken ɗinkin da tsohon zani. Har yau Baba yana zagaye layin sau uku, Inna ce ke riƙe da hannunsa.