Bokiti Uku a Gidan Inna Tumba

Ranar Larabar nan ba ta fita daga raina ba. Watana biyu ke nan da fara aikin ziyarar gida-gida a ƙaramin asibitinmu na Bakura. Ku sababbin ma'aikata, aikin shi ne ki shiga gidan da ke da tsoho mai ciwon mantuwa, ki auna jininsa, ki duba cinsa da tsabtarsa, ki kai wa Sista, shugabarmu, rahoto.

Aka tura ni ƙauyen Dakko, gidan Inna Tumba, zuwana na huɗu. Shekara da shekaru ita ce mai wankan gawar mata a unguwarsu. Yanzu ba ta gane kowa, har ɗiyarta Hajaru da ke jinyarta ita kaɗai.

Na isa bayan azahar. Sallama uku, shiru. A tsakar gida ga bokiti uku a jere, ganyen magarya na yawo a kan ruwan ɗaya. Sai murya daga ɗaki: "Taho, ɗiyata. Ke za ki zuba min ruwa."

Hajaru ce kwance a tabarma, an lulluɓe ta da farin mayafi har kai, an ɗaure manyan yatsun ƙafarta da tsumma. Inna na gefe tana yagar auduga. Matar da loma ke faɗuwa daga hannunta, ranar hannun nata ko gezau.

Na ce, "Inna, yaushe?"

"Ba a kuka bisa gawa. Miƙo moɗa."

Sannan na ga mayafin na motsi daidai hanci, yana shiga yana fita. Na fizge shi. Inna ta riga ta toshe mata hanci ɗaya, ga sauran audugar a hannunta. Na zare, na yi ta jijjiga Hajaru ina kiran sunanta.

Ta buɗe ido, ta dubi ƙafafunta. Ba ta yi ihu ba.

"Kwana huɗu ban runtsa ba, Malama. Na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ina jin hannunta a jikina. Na san abin da take yi. Wallahi ban so in tashi ba."

Da na koma, Sista ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Zuwa huɗu. Kin taɓa tambayar Hajaru wa ke karɓarta ta huta?"

Ban taɓa ba. Ba ya cikin abin da aka koya mini.

Washegari Sista ta tafi da kanta, ta zaunar da dangi, mata uku suka raba kwanakin jinya.

Audugar ba ta tsorata ni kamar maganar Hajaru ba. Don Allah, in kun shiga gida, ku fara duban wadda ke tsaye tana ce muku lafiya lau.