Tambayar da Ban Yi ba a Filin Gwaji

Shekarar da nake konseye, wato kansila, a wata karkara ta Gidan Rumji aka gayyace mu ganin sabon makamin da aka sayo, irin mai fasa tankar yaƙi. Wai mu wakilan talakawa mu gani da idonmu, mu shaida dukiyar ƙasa ba ta tafi a banza ba.

Kafin in tafi, yayata ta zo daga ƙauyensu na bakin iyaka. Ɓarayin daji sun shiga ƙauyukan da ke kusa da su, ga damina ta kawo kai.

Ta ce, "Kai aka gwada ma abubuwa. In ka komo ka gaya mini, mu shibka ko mu tashi?"

Na tafi da tambayata a baki. Masu zuwar mana kan babura suke zuwa, su watsu cikin daji. Ban taɓa jin wanda ya gan su da tanka ba. To wa ya zauna ya ga wannan ne maganinmu?

Aka zaunar da mu a rumfa, aka kawo gasasshen nama da lemo mai sanyi. Can nesa an ajiye gawar wata tsohuwar tifa. Soja ɗaya ya durƙusa, ya saɓa abin a kafaɗa. Ya harba, ƙara ta tashi, tifa kuwa ta kama da wuta. Kowa ya tashi yana tafi, har da ni.

Babban sojojin ya ce, "Akwai mai tambaya?"

Na dubi maiƙon da ke hannuna. Mutum ya karrama ka, ka ci namansa, sannan ka tsitsiye shi gaban yaransa? Kunya ta rufe ni. Ni da ake cewa bakina ba ya shiru a taro, na sunkuyar da kai.

Da na koma na ce mata, "Ku shibka, Yaya. Na ga abin da bai barin kowa."

Suka shuka. Gero ya fara fitar da kai aka shigo musu da la'asar, aka kora shanun huɗa, aka tafi da mijinta. Bai dawo ba.

Yanzu a gidana take. Kullum ita ke fara gaishe ni, ta tambayi yadda na kwana. Ko sau ɗaya ba ta tayar da zancen ba. Wallahi da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.