Rumbun Auta Magini

Auta magini mutumin wani ƙauye ne arewa da Kanan-Bakashe. Tun bai kai kaciya ba hannunsa ke cikin laka, har ya zama duk wanda ke son rumbun ƙasa a yankin, shi yake nema.

Farin 1984 ya ƙafar da rijiyar ƙauyen. Auta ya ɗora tsohuwarsa Hajjo a amalanke, suka sauka a wani fili bayan garin Tasawa. Zamanin soja ne, magana ɗaya ake yi. Kumandan da ke mulkin garin ya sa aka yi shela cewa filin na kiwo ne: wanda yunwa ta koro ya kafa bukkar kara, amma kada kowa ya aza tubali. Rumbu kaɗai aka yarje, wai don talaka ya yi tanadi. Tanadin me, oho, gero ko na shuka babu.

Da sanyi ya shigo, tari ya kama Hajjo. Bukka kuwa ta ko'ina iska take sha. Magini guda, uwarsa na kwana cikin kara tana rawar ɗari. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Sai ya kwaɓa ƙasa ya tayar da rumbu mai faɗin ciki, ya yi masa hular ciyawa, ya huda 'yar ƙofa ta baya ya jingina zana.

"Inna, shiga ki miƙe ƙafa," in ji shi.

Wata biyu tana ciki, tari ya lafa. Auta ya manta abu ɗaya: tsohuwa ba ta rabuwa da kaskon wuta. Wata safiya wani jandarma, jami'in tsaro, na wucewa ya hango hayaƙi na fita ta hular rumbu. Bawan Allah, da gudu ya zo, a zatonsa hatsin mutane ke ci. Ya yaye zana, suka haɗa ido da Hajjo.

Ya juya wajen Auta ya ce, "Baba, da ban gani ba shi ke nan. Rushe da hannunka, kafin labari ya kai sama."

Auta ya fito da ita a goye, ya ɗauki gatari ya rushe rumbun. Kwana tara ta yi a bukka, Allah ya karɓi abarsa.

Shekara ashirin ya ƙara a Tasawa yana dakon itace. Ko gyaran katanga aka kira shi, sai ya ce shi bai iya gini ba.