Firjin Alhaji Garba

Har yau ban manta da ranar Talatar da shugabar ma'aikatan jinya ta buɗe firjin Alhaji Garba ba. A lokacin ina aikin tafinta a wani gidan kula da tsofaffi da masu murmurewa a Panyu, can kudancin Guangzhou. Tunda ku sababbin tafintoci kun matsa sai na ba ku labari, to ku gyara zama.

Alhaji Garba Bakano ne, ya yi shekaru yana saro jakunkunan mata a Shiling. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, aka yi masa magani a asibiti, sannan aka kawo shi wurinmu ya sake koyon tafiya kafin likita ya yarda ya hau jirgi. Sai dai Alhaji bai zo koyon komai ba. Duk safiya in mai koyar da motsa jiki ya shigo, sai ya lumshe ido ya ce, "Malam Tafinta, gaya masa ina wuridi." Wuridi ne mai ban mamaki: yana farawa da shigowar mutumin, yana ƙarewa da fitarsa.

Ƙa'idar gidan ta yarda mutum ya ajiye ƙaramin firji a ɗakinsa, bisa sharaɗi uku. Abincinsa kaɗai zai sa a ciki, kowane abu a liƙa masa takarda mai suna da rana, kuma duk Talata a duba. Wanda ya saɓa, ranar ake fitar da firjinsa. Mai dubawar ita ce shugabar ma'aikatan jinyar, Madam Liang, gajeriyar mace mai tabarau, wadda ko ƙuda ne ya shigo sai ta nemi sanin wanda ya sa masa hannu. Ta yi hutun mako biyu, mataimakiyarta kuwa sanyin firji kawai take aunawa. Ranar Talatar nan Madam Liang ta dawo.

Ta buɗe, ta daɗe a sunkuye. Ga kwalaben man shanu, ga kilishi, ga fura, ga goro cikin jiƙaƙƙen tsumma. Alhaji ya cika sharaɗi na biyu cif, kuma shi ne ya tona asirin na farko: kowane ƙunshi da takardarsa, amma ba ko ɗaya mai sunansa. Habu, Ɗanjuma, Mamman na Damagaram, Hajiya Rabi ta Kumasi.

Ta ɗago ta ce mini, "Tambaye shi mutum nawa ke kwana a ɗakin nan."

Alhaji ya yi bayani cikin natsuwa. 'Yan kasuwarmu a ƙananan otal suke sauka, ba firji, zafin garin nan kuma ba ya barin fura ta wuni. Shi ajiya kawai yake yi musu, ko lasa bai taɓa yi ba. Na fassara. Sai ya rage murya ya ƙara, "Makon farko kowa ya zo dubiya. Na biyu sai waya. Na uku ko wayar babu. Amma wanda man shanunsa ke hannunka, dole ya zo ya gaishe ka. Kar ka fassara wannan."

Ban fassara ba. Madam Liang ta rubuta cewa a fitar da firji kafin la'asar. Na dubi Alhaji, na ga fuskar mutumin da za a rufe wa ƙofar gida.

Ana cikin haka Mamman na Damagaram ya yi sallama, ya zo ɗaukar furarsa. Na miƙa hannu zan ɗauko masa, Alhaji ya daka mini tsawa: "Kai! Kai aka ba wa ajiyar? Ni na karɓa, ni zan mayar." Ya kama ƙarfen gado, ya yunƙura, ya miƙe. Ya ja ƙafa taku huɗu, ya ɗauko furar, ya danƙa wa mai ita, ya dawo yana haki.

Na ga leɓen Madam Liang yana motsi. Takun take ƙirgawa.

"Mutum nawa ke zuwa a rana?" in ji ta.

Na ce biyar ko shida, ranar Juma'a kuwa ba a magana.

Ta soke abin da ta rubuta, ta shigar da firjin a fayil cikin kayan motsa jiki. Sannan ta sanar, ko murmushi babu, cewa soket ɗin gefen gado ya lalace, sai a mayar da firji bakin ƙofa. Taku tara ke nan. Talata ta gaba na bakin ƙofa ma ya lalace, firji ya koma baranda. Talatar da ta biyo baya, sai ga shi kusa da teburinta, kuma an sauko da kayan duka zuwa hawan ƙasa na firjin, inda sai an durƙusa.

Alhaji ya tsaya dafe da bango ya ce, "Malam Tafinta, tambaye ta, duk gidan nan ba mai gyaran wuta ne?"

Na tambaya. Ta gyara tabarau ta ce, "Meyo," wato babu.

Ya dube ta, ta dube shi. Ya ce, "Allah ya shirye ki, 'yar nan," ya ci gaba da tafiya. Bayan wata biyu da ƙafarsa ya hau jirgi, sanda kawai ya riƙe.

Abin da na koya shi ne, dattijonmu yana iya ƙin tashi don lafiyar kansa, amma ba zai yarda a ce ya yi sakaci da kayan wani ba, kuma ma'aikaciyar da ta san aikinta takan gane haka ko ba ta jin Hausa. Ku kuma, in kun ga mutum biyu suna yi wa juna wayo kuma kowa ya gane, ku rufe bakinku. Ranar nan ba sa buƙatar tafinta.