Muryar Maigida a Kwandon Goro

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Goro na sani. Na tsufa ina sayar da shi a kasuwar Tamale, na san wanda zai kai damina, na san wanda ƙwaro ya shiga tun bai nuna ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa.

A gidanmu akwai al'ada. Ranar suna, kafin a raɗa wa jariri, babban gida yakan jero kakanni bakwai, tun daga wanda ya biyo ayarin jakuna daga ƙasar Hausa neman goro, kowa da garin da aka binne shi. Ko ɗan 'ya mace ne sai an jero masa, don ya san inda uwarsa ta fito. Maigidana ke yi. Da jikinsa ya fara sanyi, jikata ta zaunar da shi gindin darbejiya, ta ɗauki muryarsa ta zuba a kwamfutarta, irin wadda ake naɗewa kamar littafi. Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'yana maza ba wanda ya haddace. In an yi zancen, sai su ce ai yana cikin kwamfuta.

Ana nan, jikata ta yi aure, ta dawo gida goyon ciki. Wannan ne sunan farko tun bayan rasuwar. Wata rana da hantsi ta kunna kwamfutar don ta rubuta wa baffanta sunayen. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, ciki ya kama ƙas, ƙas, kamar tsaka a bango. Ta kashe ta kunna, haka. Ta ajiye ta tafi awo, can kuma aka riƙe ta kwana uku saboda ƙafafunta sun kumbura.

Na taɓa abin, na ji zafi kamar mai zazzaɓi. To, ni abu ɗaya na iya. Na ɗebo ɗanyen ganye, na yayyafa ruwa, na naɗe kwamfutar, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, na sa a kwandon goro kusa da randa. Baffanta ya zo zai gwada kunnawa, na hana. Na ce goro ma ba a buɗe shi kullum.

Da ta dawo ta warware buhun, ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kaka," ta ce, "kin yi wa muryar mijinki wanka."

Tana dariya, idon yana ruwa. Ni kuwa tuwon ranar bai wuce mini ba.

Muka hau babur biyu zuwa unguwar Kanvili, wurin wata mai gyara, Badagomba, shagonta tsakanin tela da mai sayar da koko. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba mace ba namiji. Ta kwance kwamfutar, ta sunsuna, ta dube ni.

"Mma, kai ne ka jiƙa shi?"

Na ce ni ce. Ta ce ruwa ya cinye allon ciki, wannan ya tafi ke nan. Amma murya ba a nan take kwana ba. Ta zaro wani ɗan ƙarfe kamar gwangwanin kifi, ta ɗora mini a tafin hannu. Ta ce a ciki akwai faifai mai juyawa, da allura mai karanta shi, kuma ya yi ciwo tun kafin ruwana. Ƙarar da muka ji allurar ce ke kartar faifan, kowace kunnawa tana ƙara karta. Ta ce jiƙawar ɓarna ce, kada in sake, amma hana kunnawar da na yi, ita ta bar mana abin nema. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu.

Ta haɗa gwangwanin da nata injin. Ta ce ba za a yi gaggawa ba, za ta kwashe wurin da ke da lafiya tukun, sannan ta koma tana lallaɓa wurin da ya kartu. Na ce ashe tsintar goro ce. Ta ce ko kuwa, sai dai ita ba ta jiƙa nata. Kwana huɗu ana yi. Kowace safiya nakan je da goro fari ƙal guda biyu, ita ba ta ci, tela ke amfana, har ya fara tambayar ko ba mu da wata kwamfutar mai ciwo.

Rana ta biyar ta ce mu zo. Abubuwan sun fito, amma ba suna, sai lambobi. Hotuna wasu rabi, kai ya fito, jiki toka. Muka zauna a benci ana buɗewa ɗaya ɗaya. Karatun makaranta, kiɗan biki, kukan akuya. Can sai na ji tari. Na ce a tsaya. Tarin maigidana ne, wanda yakan yi kafin ya fara magana.

Ya jero na farko, na biyu, na uku. Sai murya ta tsinke. Da ta dawo, yana kan na shida. Mai gyara ta ce ta koma wurin sau da yawa, babu abin da ya rage.

 Ni kuwa na san biyun da suka ɓace. Kowace ranar suna ina bayan zana ina tuƙa tuwo, kunnena yana zaure. Amma ban taɓa faɗa ba. Surukaina ne. Ko yaron maƙwabta in ya ci sunan ɗayansu, laƙabi nake masa. Jikata ta san haka. Ta dubi bakina, ta kunna wayarta ta miƙo don ta ɗauki muryata.

Na ja mayafi na rufe fuska. Na nemi gafararsu a zuci. Sannan na faɗi na huɗu da garinsa, na faɗi na biyar da nasa. Bakina ya yi nauyi, amma sun fito daidai.

'Ya mace jikata ta haifa. Ranar suna babban ɗana ya tsaya a zaure ya jero bakwai, bai yi tuntuɓe ba, don sati guda ina tsare shi bayan la'asar yana biyawa. Mai gyara ta zo, aka cika mata kwano da tuwo zafi. Ta ce a ajiye muryar wuri uku. Ɗaya na wayar jikata, ɗaya wurin baffanta. Na ukun wani ɗan tsinke ne da bai kai yatsa ba, yana cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa, nesa da randa.